ZANCEN GIDA DA KASUWA: Tanderun iska ya iso, amma tuwo na nan bisa murhu

A wannan mako filin zai leƙa madafa. Dalili kuwa shi ne wani sabon baƙo da ya sauka a kantunan kayan kuran na birnin Maraɗi cikin ƴan shekarun nan, ya sami wurin zama tsakanin firigo da telebijin, har ya fara bin ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati bisa babbar hanyar kwalta, wasu su yi da shi Tibiri da Gidan Runji, wasu su yi gabas zuwa Cadawa da Agiye da Gazawa. Masu jin Ingilishi na ce masa "eya firaya", masu kanti kuma kowa da sunan da ya laƙaba masa. A nan za a kira shi tanderun iska, don kuwa aikinsa ke nan: ƙaramin tanderu ne da a ke ɗorawa bisa tebur, yana gasa abinci da iska mai zafi.

Masu talla sun ce yana suya ba da mai ba, babu hayaƙi, babu toka, babu baƙin tukunya. Cikin maganarsu akwai gaskiya, akwai kuma abin da su ka yi shiru a kansa. Tun da kuɗin wannan na'ura na iya cin rabo mai tsoka daga albashin ƙaramin ma'aikaci, ya kamata a baje ta a faifai tun kafin ɗan kasuwa ya cika kantinsa da ita, tun kafin kuma maigida ya kinkimo ta ya kai gida.

Abin da ke cikin akwatin

Babu wani tsafi a ciki. Daga sama akwai naɗaɗɗen ƙarfe wanda ke yin ja in kuran ya ratsa shi, kamar na dutsen guga. Bayan ƙarfen akwai farfela mai gudu ƙwarai, ita ke hura zafin tana zagaya shi kewaye da abincin da a ka shimfiɗa cikin kwando mai huji-huji ko bisa faranti. Zafin kan kai digiri 200. Iskar tana busar da bayan nama ko dankali ta soya shi ja, cikinsa kuma ya nuna da ruwan jikinsa. Saboda haka cokali ɗaya na mai da a ka shafa ya wadatar a inda kasko zai sha rabin lita.

Na'urar ba ta daɗe a duniya ba. Kamfanin Tefal na Faransa ya fitar da irin tasa. A shekarar 2010 kamfanin Philips ya nuna tasa a babbar kasuwar baje kolin kayan kuran ta birnin Balin na ƙasar Jamus, bisa dabarar wani mutumin Holan. Daga nan masana'antun ƙasar Sin su ka karɓa, su ka yi ta ƙerawa iri-iri, farashi ya sauko, har ta iso kasuwannin Dubai da Legas da Kano, inda fataken Maraɗi ke saro kaya. Iri biyu a ka fi gani: mai aljihu, wanda a ke jawowa kamar na tebur, da mai ƙofar gilashi, wanda ya fi girma, yana da hawa biyu ko uku, wani ma da ƙarfen juya kaza.

Abin lura shi ne an ƙera ta ne don gidan Bature, gida mai mutum biyu ko huɗu, wanda abincinsa na dare yankan dankali ne da cinyar kaza, kuma kuran ba ya yanke masa. Daga nan a ke gane abin da za ta iya da abin da ya gagare ta a gidan Bahaushe.

Abin da ya iya, da abin da ya gagare shi

A ba kowa haƙƙinsa. Tanderun iska gwani ne wajen nama da kifi. Yankakkiyar kaza ko zabo, in an shafa mata yaji da ɗan mai, tana nuna cikin minti 25 ko 30. Kifi ya kan gasu bai farfashe ba. Dankalin Hausa da na Turawa da doya da kabewa duk suna yi. Yana soya gujiya ba tare da rairayi ba, yana gasa ƙaramin burodi da kek, yana kuma ɗumama balangu ko tsiren da ya kwana ya dawo kamar yanzu a ka sauke shi. Wanda likita ya hana wa maiƙo saboda hawan jini ko ƙiba zai ji daɗinsa, ko da ya ke na'urar ba ta rage gishiri da dunƙulen magi da hannu ya zuba. Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba: gidan da ya rage suya cikin kasko ya rage cin man da a ka maimaita sau uku sau huɗu har ya yi baƙi, wanda masana kiwon lafiya su ka daɗe suna gargaɗi a kansa.

To, amma a tambayi kowace uwargida ta Agiye ko ta Cadakori abin da ta ke ɗorawa daga safe zuwa dare. Kunu ne ko koko da safe, fura da rana, tuwon hatsi ko na dawa da dare, da miyar kuka ko ta kuɓewa. Ranar canji a yi shinkafa da wake, ko dambu, ko ɗanwake. Duk cikin waɗannan babu ko ɗaya da tanderun iska ke iya yi. Ba ya tafasa ruwa, ba a talge a cikinsa, ba shi da wurin muciya. Hatta suyar da a ka fi yi a ƙasar Hausa ta fi ƙarfinsa, don kuwa ƙosai da fanke ƙullu ne mai ruwa, sai ya faɗa cikin tafasasshen mai ya ke kamewa ya tashi. In an zuba shi cikin kwando sai ya tsiyaye. Waina kuma sai tanda. Ke nan matan da ke matsar man gujiya suna tuya ƙuli-ƙuli a Cadawa da ƙauyukan Agiye su kwantar da hankalinsu, wannan baƙo ba zai kashe masu kasuwa ba.

Sannan ga zancen yawa. Ƙaramin tanderu kaza guda ya ke ɗauka, babban ya ɗauki biyu in an matsa. Gidan da ke da baki goma sha biyar sai an yi zubi uku ko huɗu, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya nuna. Ranar Babbar Salla kuwa, lokacin da a ke tsire rago sukutum bisa sanduna kewaye da wuta, kashegari a soye naman cikin kitsensa don ya yi watanni, babu mai ko tuna na'urar.

Lissafin faktir

Mutane da yawa na tsoron tanderun iska don suna tsammanin zai cinye albashi a faktir. A nan lissafi ya nuna tsoron ya fi abin yawa. Yawancinsu ƙarfinsu tsakanin wat 1.200 ne zuwa 1.800. A ɗauki mai 1.500: in ya yi aikin rabin awa, abin da zai sha bai wuce kashi uku cikin huɗu na kilowat ɗaya ba. Ko da an ƙaddara kilowat a bakin sefa 100, suya guda ta tashi dala goma sha biyar. In kullum a ke kunna shi, a wata ya sha kilowat 22 da rabi, wato jika biyu da dala hamsin. Litar mai kuwa ta jima da wuce jika guda. Gidan da ya saba suyar nama da dankali zai ga rangwame. Gidan da sai Juma'a-Juma'a nama ke shiga, sai ya shekara da shekaru bai maida kuɗin na'urarsa ba. A kuma tuna cewa Nigelec hawa-hawa ta ke lissafi: wanda ya ƙetare wani mataki na sha a wata, abin da ya hau sama ya fi tsada.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin da na'urar ke ja a lokaci guda. Wat 1.500 a kan bolt 220 ya kusa amfiya 7. Gidaje da dama kwantarsu ta kilowat 3 ce, ke nan tanderu shi kaɗai ya kwashe rabi. In ga firigo, ga dutsen guga, ga mai dafa ruwa, sai wutar gida ta yanke. Siririyar wayar da a ke jawowa daga falo zuwa madafa ta kan yi zafi ta narke, gobara da yawa daga nan ta ke tashi. Ƙaramin gurup ɗin nan da masu shago ke kunnawa don fitila da caji bai kai wat 1.000 ba, ba ya ɗaukarsa. Farantin hasken rana guda da batir guda, irin na gidajen ƙauye, shi ma haka.

Wutar da ke ratsa Gazawa

Duk wannan lissafi kuwa sai in akwai wutar. Mutanen Gazawa sun san manyan turakun ƙarfen nan da su ka taso daga Katsina ɗauke da waya mai bolt dubu 132. A tashar Gazawa wutar ke rabuwa, reshe guda ya yi yamma zuwa Maraɗi, guda ya yi gabas zuwa Damagaram. Tun cikin shekarun 1990 wannan waya ke ciyar da tsakiyar ƙasa da gabashinta. Amma garuruwa nawa ne ke kwana a ƙarƙashinta cikin duhu, suna jin kukanta da dare? Ƙididdigar Bankin Duniya ta ƴan shekarun nan ta nuna wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Masu ita ma ba su da tabbas. Kowa ya san yadda ta ke wasan ɓuya da bazara, daga Maris zuwa Mayu. Kowa kuma ya tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse wayoyin a farkon Agusta, alhali kuwa a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga can ta ke zuwa. Sai a watan Maris 2024 a ka maido da ita. Watanni bakwai ke nan masu firigo da masu injin niƙa da masu walda suna dakon ƴan awoyin da a ke rabawa unguwa-unguwa. Zanen aro ba ya rufe katara. Gidan da ya jingina cikin iyalinsa ga soket kaɗai, ranar da a ka ɗauke wuta kaza na tsakiyar nuna, ranar zai san darajar duwatsun murhu uku.

Itacen gona

Gaskiyar da ba ta ɓuya ita ce fiye da gida tara cikin goma a Nijar da itace su ke dafuwa. A nan ne kuma gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Runji ke da abin da za su koya wa duniya.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A wancan zamani gonakin jahar Maraɗi sun yi ƙwal, iska na binne shuka, mata na tafiyar yini neman makamashi, wasu su koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona. A watan Mayu 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, a ka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da hamada. Tun kafin nan da shekara guda, wani malamin gona mutumin Ostiraliya, Toni Rinodo, da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a ka bari, a ka datse saura, cikin ƴan shekaru sai ga itace tsaye. Manoma su ka sa wa abin suna sassaben zamani.

Garin Ɗan Saga na ƙasar Agiye ya yi suna a kan wannan aiki. Mutanen garin sun kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, su ka sa doka a kan ɓarayin itace, har su ka kai ga buɗe kasuwar itacen da su ka raina da hannunsu. Sabara da kalgo da gawo da aduwa su ka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jahohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da wajen eka miliyan 5 ta awon hekta, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Hukuma ma ta biyo baya: dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara don mutanen da ke kusa da daji, irin su Baban Rafi, su ci moriyarsa su kuma tsare shi, dokar gandun daji ta 2004 da wata ta 2020 su ka ƙara tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan makamashi babu mai katse shi daga ƙetaren iyaka. Sai dai yana da nasa haraji, kuma mata da ƴaƴan goye ke biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin dafuwa cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya, ta hanyar ciwon haƙarƙari da na huhu da na zuciya. Ban da haka, garuruwa na ƙara girma, kuma kowace amalanke ta itace da ta shiga Maraɗi ko Tibiri daga gonar wani ko dajin wani ta fito. Ke nan matsalar madafa a wannan yanki ita ce tukunyar tuwo, wadda ke cin itace tana tada hayaƙi sau biyu a yini. Tanderun iska kuwa ko kusa da ita bai je ba.

Wanne za a fara saye?

Abin da ke taɓa tukunyar tuwo iri biyu ne, kuma duk sun fi tanderu araha. Na farko ingantaccen murhu, irin Mai Sauƙi na ƙarfe da a ka yaɗa tun shekarun 1980, wanda maƙeran gida ke ƙerawa, ko kuma na laka da mace ke ginawa da hannunta. Yana tsare wuta daga iska, yana rage cin itace. Na biyu gaz. Tun da a ka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram a watan Nuwamba 2011, Nijar ke fitar da gaz nata na kanta, gwamnati kuma ta tsaida cikon ƙaramar butali mai kilo 6 a sefa 1.800, wato jika biyu ba dala arba'in. Gaz yana tuƙa tuwo, yana dafa wake, yana suyar ƙosai, ba ya jiran Nigelec. Cikas ɗinsa shi ne kuɗin butali da kan murhu a karon farko, da ƙarancin da a kan shiga lokaci-lokaci, da nisan wurin ciko ga mutumin ƙauye. Nan ne ma ɗan kasuwa mai hangen nesa zai sa jarinsa: wurin ajiye butali a Gazawa ko Sayi Sabuwa ko Gangara ya fi kwali ashirin na tanderu amfani ga jama'a, ya kuma fi saurin juyawa.

Saboda haka tsarin da hankali zai ɗauka shi ne: murhu mai kyau tukuna, sannan gaz, in da saura a aljihu sannan tanderun iska. Maigidan da ya tsallake biyun farko ya sayo na uku, ya sami gasasshen zabonsa na ranar Lahadi, uwargida kuwa tana nan tsugune tana hura ɗanyen itace idanu na hawaye. Wannan ba gyaran madafa ba ne.

Akwai waɗanda na'urar ta dace da su sarai. Ga malamin makaranta ko jami'in duwan ko ma'aikacin asibiti da a ka tura aiki Agiye ko Gidan Runji ya baro iyali a wani gari. Maimakon kullum ya dogara ga mai tsire da mai shayi, sai ya gasa abinsa cikin ɗaki ba tare da ya tsuguna gaban murhu a tsakar gidan haya ba. Ga ƙaramin gida inda miji da mata duk ke fita aiki. Ga mai larurar da a ka hana wa mai. Ga kuma mace mai sana'ar kek ko soyayyar gujiya a garin da wuta ke zama.

Ga wanda ya yi niyyar saye, ya duba bayan na'urar ya ga an rubuta bolt 220 zuwa 240, don cikin kayan gwanjo akwai na Amurka masu 110, waɗanda ke ƙonewa tun ranar farko. Ya sa a kunna ta a gabansa. In bakin wayarta mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, gara mai gyaran kuran ya sauya shi da a dogara ga ɗan mahaɗin roba na dala ashirin. A ba ta soket nata ita kaɗai, a ajiye ta nesa da bango da labule da hannun yara, a cire ta in an ɗauke wuta. Kada a cika kwando maƙil, iska ba za ta zaga ba. Kada a kankare cikinsa da soson ƙarfe.

Ƴan kasuwa kuma su ji tsoron Allah. In mace ta tambaya, "Alhaji, yana yin ƙosai?", amsar gaskiya ita ce, "A'a, Hajiya, ba ya yi." Ciniki guda da a ka rasa da gaskiya ya fi goma da za su dawo da rigima, balle ga shi kayan gyaranta ba su wadata ba.

Saura gargaɗi guda, wanda ya shafi iyaye. Jahar Maraɗi ta san yadda kaya ke shiga jerin kayan ɗaki: yau abin sha'awa ne a gidan mai hali, gobe ya zama dole a kan talaka. Haka a ka yi da jeren kwanoni, haka a ka yi da gado da kujeru da firigo. In ba a yi hattara ba, nan da ƴan shekaru za a ga uba ya sayar da jar akuya uku ko buhunan aya don a kai tanderun iska ɗakin amarya a garin da ko turken kuran babu, ya zauna bisa kabad cikin ledarsa yana shan ƙura. Mai mata biyu kuma ya sani in ya saya wa ɗaya, ya ɗauko wa kansa bashin ta biyu.

Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Tanderun iska baƙo ne mai amfani, a ba shi tabarma a gefen madafa. Amma mai gidan har yanzu murhu ne, kuma duk mai son sauƙaƙa wa iyalinsa, daga kansa zai fara. Allah ya sa a dace. Sai mako mai zuwa.